Ciki da Gaɓɓai: Tarihin Horon Jiki da Lokutan Kalaci a Birnin Shehu

Duk wanda ya fito bayan sallar asuba a birnin Sakkwato, ya bi ta wajen filin wasa na Giginya tun rana ba ta ɗago ba, zai tarar da wata jama'a wadda da kakanninmu za su gan ta da sun tsaya suna tambayar ko lafiya: dattawa masu furfura da manyan ma'aikata masu teɓa, sun ajiye babbar riga sun sa tufafin samari, suna tafiya da sassarfa, alhali ba kasuwa suka nufa ba, ba gona ba, ba kuwa jana'iza ba, iyakarsu su kewaya su komo inda suka tashi. Idan ka tsai da ɗayansu ka tambaye shi dalili, amsar da za ka ji ba ta wuce cewa likita ne ya umarce shi. Wurin nan kuwa sunansa ya samo asali ne daga Giginyar da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta tari sojojin Ingila ranar 15 ga Maris 1903, watau a ƙasar da mazaje suka tsaya da kwari da baka, a nan jikokinsu ke neman gumi da takardar asibiti a aljihu. Wannan al'amari shi ya sa na ga ya kamata a waiwaya a duba yadda mutanen wannan birni suka riƙa sarrafa jikinsu da cikinsu tun kafuwarsa, domin mai son ya fara motsa jiki a yau ya san cewa yawancin abin da ake gaya masa da baƙin harshe, an taɓa yinsa a ƙofar gidansu.

Jama'ar da ta kafa Sakkwato jama'ar ƙafa ce. A watan Fabrairu na 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, tafiyar kimanin mil talatin, da mata da yara da littattafai, kuma a watan Yuni na wannan shekara, da aka haɗu da rundunar Gobir a Tafkin Kwatto, dawakin jama'a 'yan kaɗan ne, maharba masu tafiya a ƙasa su suka ɗauki nauyin ranar. Mai ja da baka kuwa, kowa ya sani, kafaɗa da baya da numfashi yake bukata, kuma ba a samun su a dare ɗaya. Amma kada sha'awar tarihi ta ɗebe mu har mu mai da wahala ado, gama shekarun nan na farko shekaru ne na yunwa da annoba, sun ci mutane da yawa, kuma ramar da rashi ke kawowa ba ita ce lafiya ba. Abin lura shi ne, bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, da Muhammadu Bello ya zaɓi tudun nan da ke kallon mahaɗar gulbin Rima da na Sakkwato ya kafa birni a 1809, har Shehu ya taso daga Sifawa ya zauna cikinsa a 1815, sai ya zama an gina gari wanda shi kansa yake horar da mazaunansa: ruwa yana gangare, fadama tana gangare, gida yana bisa tudu, mai zuwa gona ta Ƙofar Kware ko Ƙofar Rini sai ya sauka ya hau kullum, da kaya a ka. Bello kuma bai bar mutane su nutse cikin daɗin birni ba, ya kakkafa ribaɗi a bakin iyaka, inda zama da shirin hawa da harbi wajibi ne, shi kansa ya tare a Wurno, can kuma ya rasu a 1837.

Malaman wannan daula ba su ɗauki sha'anin jiki abin da ya fita daga da'irar ilimi ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa Masalihul Insani, littafin da sunansa kaɗai ya haɗa maslahar addini da ta jiki wuri guda. Sarkin Musulmi Bello ya yi rubuce-rubuce da dama a fannin ɗibbu, har da wanda ya keɓe ga ciwon ido da wanda ya keɓe ga basur. Nana Asma'u kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwani a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Kogin da irin waɗannan malamai ke sha daga gare shi tsoho ne, kuma a cikinsa akwai babi sananne da ake kira babin riyala, watau horar da jiki da motsi. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya sanya riyala a gaba cikin hanyoyin kiyaye lafiya a littafinsa Alƙanun, Ibnul Ƙayyim kuma, wanda ya rasu a 1350, ya yi bayani a Zadul Ma'adi cewa lokacin da ya dace da ita shi ne bayan abinci ya sauka ya narke, kuma matsakaiciyarta ita ce wadda jiki zai ɗumama ya yi laima, ba wadda gumi zai riƙa kwarara har mutum ya galabaita ba. Idan aka haɗa wannan da hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya raba ciki kashi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, da kuma wanda ya nuna fifikon aikin da aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, to, an sami ƙa'idoji uku waɗanda har yau ban ji wani mai horarwa ya zo da abin da ya rushe su ba.

Sai dai talakan Sakkwato bai karanta Ibnu Sina ba, kuma bai bukaci karanta shi ba, domin kiran salla ya riga ya yanka masa yini gunduwa-gunduwa, kowane yanki da aikinsa da abincinsa. Da asuba a tashi. Mai zuwa gona ya karya kumallo da ɗan ɗumamen tuwon jiya ko koko, abin da zai riƙe ciki ba tare da ya nauyaya shi ba, ya kama aiki mai tsanani tun da sanyin safiya, domin a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, wanda ya bari rana ta take kafin ya ɗauki galma ya yi wa kansa zalunci. Idan hantsi ya ɗaga, rana ta nufi tsaka, sai a kawo hura, kamar yadda Basakkwace ke kiranta, an dama dawo da nono an tsinka da ruwa, a sha a gindin itace. Ina ganin da wuya a sami abin da ya fi wannan dacewa da jikin da ya sha aiki, domin gero yana mayar da ƙarfin da ya ƙare, nono yana gyara tsoka, ruwan kuma yana cike gurbin gumi, duka a ƙwarya ɗaya. Daga nan sai azahar da ƙailula, sai aikin la'asar mai sauƙi, sa'an nan tuwo bayan magariba, a yi hira kaɗan, a yi isha'i, a kwanta. Tsakanin kalaci da kalaci kuwa babu ciye-ciye, in ban da goro a bakin manya, saboda abin taunawa bai yawaita ba, kuma cin abinci a tsaye ko bisa hanya abin kunya ne ga mai mutunci. Tuwon dare, wanda likitoci ke yawan zargi yanzu, a wancan zamani biyan bashi ne ga jikin da ya yini yana ranta. Laifin ya shigo ne ranar da aka daina cin bashin aka ci gaba da biya.

Masu sana'a a cikin ganuwa ma haka. Maƙeri a Maƙerar Assada yana ɗaga masaba daga safe zuwa azahar, majemi yana kankarar fatar jan akuyar nan da ta kai sunan Sakkwato ƙetaren hamada, ga masu ɗaukar ruwa, ga magina masu cuɗa ƙasa da ƙafa. Mata kuwa, waɗanda ake mantawa da su idan ana zancen ƙarfi, su ne suka fi kowa dawwama a kan motsi, gama surfe da daka da niƙa a dutse da tuƙin tuwon gida mai mutum ashirin aiki ne da ba shi da ranar hutu, kuma wanda ya taɓa ganin 'yan mata uku suna lugude a turmi ɗaya, suna cilla taɓarya sama suna tafawa kafin ta sauko, ya san an haɗa wasa da horo. Haka 'Yan Taru, almajiran Nana Asma'u, sukan taso daga ƙauyuka a ƙasa, jajinsu na gaba da malfarta, su zo neman karatu su koma a ƙasa.

Inda aka fi ganin horon jiki da gangan, watau wanda mutum ke yi da niyyar ya fi wani ƙarfi, shi ne fagen kokawa da na dambe. Duka biyu wasannin kaka ne, kuma hikimar wannan a fili take: damina ta riga ta gasa samari da noman firi da maimai, gero ya shiga rumbu, ciki ya cika, ga farin wata. Dambe tun asali an san shi da mahauta, waɗanda a nan ake kira Rundawa, kuma Baturen nan Kilafaton, wanda ya zo wurin Sarkin Musulmi Bello a 1824, ya komo kuma ya rasu a nan a 1827, ya rubuta yadda ya kalli damben mahauta a Kano har tsananinsa ya sa ya nemi a tsai da wasan. Ba mamaki ɗan mahauci ya yi fice, tunda yana kayar da bijimi da safe, kuma nama da romo ba su yanke masa. A ƙarnin da ya wuce ƙasar Sakkwato ta fitar da Shago, wanda waƙar Ɗan Anace ta sa sunansa ya shiga kowane gida mai rediyo. Bikin Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya ba kokawa da dambe babban dandali. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa tun 1975, da aka fara a Tawa, suka mai da kokawa gasar ƙasa wadda ake ba gwarzonta takobi. Malamai dai sun daɗe suna ɗari-ɗari da fagen, ba domin kokawar kanta ba, tunda an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, sai domin abin da ke raɓe da ita na layu da surkulle da tsiraici da cuɗanyar maza da mata.

Ina da wani kawu, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi tashen kokawa a ƙauyukan gabas da birni, kuma ko da na san shi ya tsufa, wuyansa na nan kamar gindin turmi. Yadda yake karɓar sabon yaro ya ishi mai hankali darasi. Ba ya barinsa ya taɓa kowa a makon farko; sai ya sa shi ɗebo ruwa daga gulbi da tulu, safe da yamma, ya riƙa tsuguno yana tashi a cikin rairayi, ya rungumi buhun gero ya kai shi bakin zaure ya komo da shi. Bayan haka ya haɗa shi da sa'ansa, daga nan wanda ya ɗan fi shi, kuma ranar da yaro ya kwana da ciwon gaɓɓai sai ya ce ya huta, domin a ganinsa tsoka a kwance take girma. Game da abinci kuwa dokarsa ɗaya ce, ranar wasa hura ce da rana, tuwo sai an tashi daga fage. Na tuna wani dare da wani ɗan'uwanmu ya faki ido ya share malmala biyu da miyar kuka kafin a buga ganga, aka kuwa ɗaga shi aka buga da ƙasa tun kamun farko, ya koma gefe yana amai. Kawu bai yi masa faɗa ba, ya dube shi kawai ya ce, "Ɗiyana, wa ya hwaɗa maka ana kokowa da mutum biyu? Kai da tuwo kuka shiga, shi kuwa shi ɗai ya shigo."

Zuwan Turawa ya kawo wani abu sabo, watau motsa jiki wanda aka yanke shi daga aiki aka ba shi sa'arsa a jadawali. A makarantar lardi, wadda daga baya ta zama Midil, yara suka koyi fareti da tsalle-tsalle da guje-guje da ƙwallon ƙafa, da kuma wasan nan na buga ƙaramar ƙwallo a bango da tafin hannu, wanda asalinsa daga makarantar Iton ta Ingila yake, ake ce masa fayif. Ahmadu Bello, kafin ya zama Sardaunan Sakkwato, ya gwanance a wannan wasa a Kwalejin Katsina, inda ya gama a 1931, bai kuma bar shi ba har yana Firimiyan Jihar Arewa. Sarakuna da manyan ma'aikata suka ɗauki ƙwallon dawaki, wadda ta dace da tsohuwar ƙaunarsu ga sukuwa, kuma a kanta ne Gwamnan Sakkwato Shehu Kangiwa ya faɗi ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 1981. Amma duk wannan na 'yan makaranta ne da masu hali, kuma yawancinsu ranar da suka karɓi takardar gamawa, ranar suka yi sallama da fili.

Babban juyi ya zo ne a hankali, ba tare da wani ya yi shela ba. Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, aka kafa jami'a a 1975, ofisoshi suka yawaita, birni ya tsallake ganuwa ya bazu. Injin niƙa ya karɓi aikin dutse da turmi, famfo da 'yan garuwa suka karɓi aikin tulu, kabu-kabu ya karɓi aikin ƙafa, har ya zama saurayi na hawa babur daga Kanwuri zuwa Hubbare. Ciki kuwa bai sami labarin an rage aiki ba, hasali ma ƙari ya samu: farar shinkafa da rana, lemon kwalba a kanta, shayi mai sukari da burodi da ƙwai a teburin mai shayi har tsakar dare. Al'ada kuma ta ƙara wa wutar makamashi, domin a wurinmu teɓa alamar hutu ce da wadata, wanda ya rame kuwa sai a yi ta yi masa sannu. Binciken da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka yi a tsakanin Fulanin wannan yanki ya nuna ciwon sukari ya kusa kai mutum 5 cikin 100 a birni, alhali a karkara bai kai 1 cikin 100 ba. Jini ɗaya, harshe ɗaya, bambancin kawai a zama ne da abin da ake ci.

Ni kaina ina cikin waɗanda aka miƙa wa takardar asibitin nan, kuma na fara da wauta irin ta mai sabon tuba. Na sayi takalma, na fita da la'asar sakaliya a watan Afrilu, sa'a guda bayan na cika ciki da shinkafa, na ce sai na rama shekara ashirin a yini ɗaya, ban yi nisa ba na ji wani abu ya soke ni a haƙarƙari, idona ya yi duhu, sai ga ni zaune a bakin kwalbati wani yaro mai tallan ruwa yana ce mini, "Sannu Baba, ko a kira maka mai babur?" Kwana huɗu ina salla a zaune. A cikin kwanakin nan ne maganar kawu ta dawo mini, na kuma gane cewa abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a 2020, watau baligi ya sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu, idan aka rarraba shi bai wuce tafiyar rabin sa'a a kwana biyar ba, kuma mafari ba a nan zai fara ba. Minti goma ko goma sha biyar bayan asuba sun isa a makon farko, da saurin da mutum zai iya magana amma ba zai iya rera karatu ba, sa'an nan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Tsuguno da tashi, da tura bango ko ƙasa da hannu, da ɗaukar jarkar ruwa, su ne tulun kawu da buhunsa a sabuwar kama. Wanda ya ci babban kalaci ya dakata sa'a biyu zuwa uku kafin ya yi abu mai tsanani, ko da yake tattaki a hankali bayan cin abinci yana da amfani, musamman ga mai sukari. Wanda zai fita da sassafe, dabino biyu da ruwa sun wadatar, in ya dawo ya nemi ƙosai ko ƙwai ko nono, ya kuma matso da tuwon dare kusa da magariba, ya rage malmala. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko wanda ke shan maganin sukari, wajibi ne ya shawarci likitansa tun kafin ya ɗaura takalmi, domin fita da yunwa bisa magani tana iya kayar da shi. A watan Ramalana kuwa, a zafin Sakkwato, mafi aminci shi ne a bar motsi mai nauyi sai bayan buɗa-baki ya sauka, kuma tsayuwar tarawihi ita kanta ba ƙaramin aiki ba ce ga gwiwar da ta saba da kujera.

Yanzu nakan ajiye mota ranar Juma'a in taka zuwa Masallacin Shehu, ta cikin lungunan da kawu ya bi da ni ina yaro, kuma a hanya akwai wata tsohuwa Bafillata da ke zama da ƙwaryarta a inuwar wani bango, wadda na saba tsayawa wurinta idan an sauko. Makon jiya, tana dama mini hura, ta ɗaga ludayin sukari, na ce ta bar shi. Ta dube ni daga hula zuwa takalma, ta ce, "Alhaji, motar taka ta lalace ne?" Na ce mata lafiyarta lau. Ta girgiza kai, ta ƙara mini nono.